Injin da Ba Ya Lalacewa Sai Na Juya Baya

Ku samarin da kuke zama a bencin shagona kuna jiran a gama muku gyaran murhu, na sha jin kuna cewa aikin gas ba wani aiki ba ne: a kwance tsohon akwatin kunna wuta, a ɗaura sabo, a karkaɗe hannu. Ba na yi muku musu, don musu ma ƙarfi yake so, ni kuwa gwiwoyina sun riga ni yin ritaya. Amma akwai labarin wani injin busar da kaya a Shinkafi da ya kamata ku sani. Akwati biyu na canja masa, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau.

A nan Kaura na koyi aiki, wurin Malam Ɗanjuma, tsohon makanikin jirgin ƙasa da ya koma gyaran firji da murhun gas bayan jirgi ya rage zuwa. Shekara biyu na farko bai bar ni na riƙe sifana ba. Aikina kwalbar ruwan sabulu ce. In shafa a kowace mahaɗar bututu, in tsuguna ina jiran kumfa. In na yi gaggawa sai ya ƙwanƙwashe ni da gindin sukundireba ya ce, "Haruna, hanci shi ka shiga gaba, kunne shi biyo, hannu na ƙarshe." Ban ga ranar wannan karatu ba sai da na ga mutumin da gas ya aske wa gira da gashin baki a lokaci guda. Kayan aikina har gobe ba su fi jaka ɗaya ba: mita, tasta, filaya, sifanu uku, guntun samfefa, tsohon buroshin haƙori, da waccan kwalba.

Da aka ba mu jihar Zamfara, kaya suka yi ta shigowa. Kowane ɗan kwangila da abin da ya ɗauko. A cikin wannan ruwa ne manyan injinan busar da kaya suka iso asibitoci da otal-otal da wata makarantar kwana. Mutane suka yi ta dariya, wai a ƙasar da riga ke bushewa kafin ka gama shan fura. Suna da gaskiyarsu. Amma zanen gadon asibiti ba bushewa kawai yake so ba, zafi yake so, irin wanda ke kashe abin da ido ba ya gani. Waɗanda suka kafa injinan daga nesa aka kawo su. Suka ɗaura, suka ci kilishi, suka bar littafin bayani da harshen da babu mai karantawa, suka tafi. Lokacin idon Malam Ɗanjuma ya yi rauni, sai duk injinan da ke tsakanin Kaura da Zurmi da Shinkafi suka faɗo kaina.

Bari in gaya muku yadda wutarsa ke kamawa, don in ba ku san wannan ba labarin ba zai shige ku ba. In ka danna maɓalli, fanka ce ke fara juyawa. Iskarta ta ture wani ɗan faranti, shi kuma ya sanar da akwatin kunnawa cewa hanya a buɗe take. Akwatin nan shi ne ƙwaƙwalwar injin. Sai ya saki tartsatsi, ƙas-ƙas-ƙas, ya buɗe bawul, gas ya fito ya kama. A cikin harshen wutar akwai wata siririyar sanda, muna ce mata sandar jin wuta. Akwatin yana tura mata lantarki ɗan mitsitsi, wanda ko ƙuda ba zai girgiza ba. Lantarkin ya ratsa harshen wuta, ya shiga jikin injin, ya zagayo ya dawo gida. In ya dawo, akwati ya san wuta ta kama, sai ya bar gas a buɗe. In bai dawo ba, ko da wutar tana ci a gaban idonka, akwati zai rufe gas. Zai gwada sau uku, daga nan ya kulle kansa. Ba taurin kai ba ne. Tsoron kada ɗaki ya cika da gas ne.

Akwai ranar da aka kira ni wani otal a nan Kaura, wai ƙwaƙwalwa ta ƙone. Na buɗe na tarar sandar ta yi fari fat. Ashe mai wankinsu manyan rigunan baƙi yake zubawa da sitacinsu, ƙurar sitaci ta lulluɓe sandar. Samfefa ta gama aikin kafin shayin da aka kawo mani ya huce. A makarantar kwana ta wajen Zurmi kuwa, zanzaro ne ya yi gini a cikin bututun iska lokacin hutu. Na tsokale shi da tsinke. Irin waɗannan ne suka sa kaina ya fara girma. Aka riƙa cewa Haruna Mai Gas inji na ganinsa yake shiga taitayinsa, ni kuma na yarda.

Injin Shinkafi na wani asibitin kuɗi ne, ba sai na faɗi suna ba. Mai asibitin kowa Likita yake ce masa. Mai kula da ɗakin wanki kuwa Baba Ummaru ne, mutumin Zurmi, dattijo siriri marar yawan magana. Tun ana wanki da hannu yake wurin, tafukansa duk sabulu ya cinye. Da inji ya zo shi aka koya wa, shi kaɗai ke da makullin ɗakin. Da wannan aiki yake riƙe da gidansa a Zurmi, da matarsa da marayun ɗansa. Ban taɓa zuwa na tarar da ragar tace auduga da datti ba. Duk wanda ya san aikinmu ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a abubuwa da yawa sun sauya. Ni dai ta fuskar sana'a, otal biyu da nake wa aiki suka rufe, masu su suka kwashe suka bar gari. Ko'ina sai gyaran masallatai da wa'azi, ana ta jan kunne a kan camfi da tsafi. Likita ma ya gina ɗan masallaci a bakin ƙofar asibiti, da famfunan alwala a jere. Ya kafa doka cewa kada ma'aikaci ya ƙara yin alwala a bayan ɗakin wanki, inda suka saba tun fil azal. Ya ce wurin ya zama caɓi, ba tsarin asibiti ba ne. Ya sa mai gadi ya riƙa lura.

Bazarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Zafi ya yi zafi, sanƙarau ya shigo ƙauyuka, gadaje suka cika har ana shimfiɗa a baranda. Wutar lantarki ta ɗauke ɗif, asibiti ya koma kan janareto dare da rana. Ana cikin haka direban motar Shinkafi ya kawo mani saƙo: inji yana kamawa yana mutuwa, in zo maza.

Na isa daidai azahar, ranar kasuwa, bayan mota ta gama girgiza mani hanji. Baba Ummaru ya tarbe ni a ƙofar ɗakin wanki, zannuwa jiƙaƙƙu tsibi guda a bayansa. Na ce ya ba ni buta tukuna. Sabon masallacin yana can ƙetaren fili, rana kuwa ta take, ni ko na gaji. Sai na zagaya bayan ɗakin inda na saba, na zauna a kan dutsen da ke wurin. Ni baƙo ne, babu wanda ya ce mani kanzil. Na yi alwala, na jiƙa kaina, na juye sauran ruwan a ƙafafuna saboda zafi. Na yi salla a inuwar bango. Sannan na shiga na danna maɓalli.

Wuta ta kama shuɗiya, ta zauna daram.

Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Ko tari injin bai yi ba. Na goge sandar don kada a ce ban yi komai ba, na shafa ruwan sabulu a mahaɗai, na ce wa Baba Ummaru, "Baba, ai wanga inji lahiya tai lau." Ya ce, "To, madalla. Amma jiya wallahi ƙi yay yi." Na koma Kaura.

Kwana biyu, ga direba kuma. Na koma, na isa da azahar, na karɓi buta, na zagaya baya. Na danna maɓalli, wuta ta zauna. Wannan karon na ce lallai akwati ne ke ciwon da ke zuwa yana tafiya, na cire shi na sa wanda na ajiye daga injin ɗaya daga otal-otal ɗin nan da suka rufe. Kwana biyu, ga direba. Har ya fara yi mani ba'a a tasha, wai ko in kama ɗakin haya a Shinkafi. Na sa aka kawo sabon akwati fil daga Kano, na je, na yi alwala a baya kamar kullum, na ɗaura. A gabana inji ya busar da zubin zannuwa uku ba tare da ya yi ko gezau ba.

A wannan zuwa na uku ne Likita ya shigo ɗakin wanki da kansa. Idanunsa sun yi ja, da gani ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya ce, "Malam Haruna, ina da marasa lahiya kwance bisa tabarma. Ka gaya mani gaskiya. In aikin ya hi ƙarhinka, in aika Gusau."

Wannan kalma ta Gusau ita ta soke ni. Otal sun rufe, injinan da suka rage mani ba su da yawa, in aka ji an ɗauko wani daga Gusau a kaina, to na gama. Ban tsaya tunani ba na ce, "Likita, inji ba shi ƙarya. Gabana lahiya, bayana ciwo. Akwai hannun da ka taɓa shi in na tahi."

Ban ambaci sunan kowa ba. Ba sai na ambata ba, tunda makulli ɗaya ne. Baba Ummaru yana tsaye da zannuwa a kafaɗarsa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah shi kyauta." Kafin ƙarshen mako aka sallame shi, aka ba wani ɗan'uwan matar Likita makullin. Na ji labari a bakin direba. Na ce a raina, to, yanzu a gani. Har wani sanyi na ji, kuma wannan sanyin shi ya fi damuna yau.

Ba a yi mako ba saƙo ya sake zuwa.

Wannan karon Likita ne ya tare ni tun a bakin ƙofa. An kira salla, sai ya kama hannuna muka shiga sabon masallaci. Na yi alwala a famfo kamar kowa. Da aka sallame muka wuce ɗakin wanki tare, yana biye da ni. Na danna maɓalli da irin isar da na saba. Fanka ta juya, tartsatsi ya yi ƙara, wuta ta kama. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai bawul ya ce taf, wuta ta mutu. Ta sake kamawa, ta sake mutuwa. A na uku akwati ya kulle. Sabon mai wankin ya ce, "Haka shika yi kullum." Likita ya juya ya fita.

Ranar ce na yi aikin da ya kamata in yi tun zuwan farko. Na zauna a ƙasa na bi injin gaɓa-gaɓa. Farantin iska lafiya. Bawul lafiya. Gas da ƙarfinsa. Sanda tsaf. Na sa mita a wayar sandar, na ga ɗan lantarkin nan yana rawa, ya hau ya sauka, ba ya tsayawa. Ke nan yana fita, amma hanyar dawowarsa ce ba ta da kyau. Sai na bi koriyar wayar da ke ɗaure a jikin injin, wadda muke kira wayar ƙasa. Na zaci za ta nufi ɗakin janareto. Sai na ga ta shige wata 'yar huda a bango. Na zagaya baya.

Tana ɗaure ne a kan wani guntun rodi da aka kafa a ƙasa, taku ɗaya daga dutsen da nake zama. Masu kafa inji sun yi ƙyuyar jan waya. Sun kafa wa janareto rodinsa can, sun kafa wa inji nasa nan, suka bar wa ƙasa ta haɗa su. Muddin ƙasa na da laima, lantarkin yana bi ta cikinta ya koma. Shekara da shekaru ruwan alwalar ma'aikata ne ke jiƙa gindin rodin nan, sau biyar a yini, ba tare da kowa ya sani ba. Yanzu wurin ya bushe ya tsattsage. Na kama rodin da yatsu biyu, yana girgiza a raminsa kamar haƙorin tsoho.

Na ɗebo bokiti guda na juye. Na jira ƙasa ta sha, na shiga na danna maɓalli. Wuta ta kama ta zauna.

Na dawo na zauna a kan dutsen, na daɗe. Sau uku ina gyara injin nan da buta kafin in buɗe jakata, ina komawa gida ina yabon hannuna. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma babu wanda zan ɗora wa.

Gyaran kansa bai ɗauki sa'a biyu ba. Na ja waya ɗaya mai kauri daga jikin injin har janareto. Na haƙa rami, na zuba gawayi da gishiri, na kafa sabon rodi mai tsawo. Har aka sayar da asibitin bayan shekaru, injin bai sake wannan ciwo ba.

Na sami Likita a ofis na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce Baba Ummaru ba shi da laifi, ni na yi masa ƙazafi, a maido shi. Ya dafe kai ya ce, "Malam Haruna, kai kac ce hannu. Yanzu na ba wani, shi ma da iyali nai. In kore shi da wane laihi?" Na ce ko a wani sashe ne. Ya ce zai duba. Na san irin wannan dubawa.

Sai da na yi wata guda ina cewa gobe kafin na iya zuwa Zurmi. Na yi tambaya a tasha, aka nuna mani wata rumfa a gefen kasuwa. Yana zaune a kan tabarma yana wankin hula, da baho biyu da buroshi, ga huluna an kifa a kan katako suna shan rana. Ya ƙara ramewa. Ya gane ni tun daga nesa, ya matsa ya ba ni wuri. Muka gaisa, ya tambayi Kaura, ya tambayi idon Malam Ɗanjuma. Sannan na kwashe labarin rodi da ruwa na gaya masa. Na ce ya yafe mani.

Bai daina goga hular da ke hannunsa ba. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka san mi, Baba?"

"Ruwan. Tun zuwanka na biyu nig gane. In ka zuba ruwa wurin ga, shi yi kwana biyu shina aiki. In wuri ya bushe, shi ƙiya. Ban san dalili ba, ni ba makaniki ba ne. Amma ina da ido."

Na ce, "To mi hana ka zuba da kanka? Mi hana ka hwaɗi?"

Ya ɗauraye hular, ya matse ta a hankali. Ya ce, "Mai gadi na kallo. Kuma ka tuna wace shekara muke. A ga tsoho shina laɓewa bayan ɗaki shina zuba ma ƙarhe ruwa don wuta ta kama? Ko in tai gaban Likita in ce ƙarhen ga ruwa shika so? Kahin la'asar an ce Ummaru na da gunki. Ina da jikoki mata, Malam Haruna, za su yi aure garin ga. Gara a ce na ɓata inji."

Na ce, "Ai ni da ka gaya mani. Ni zan gane."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, kuma da akwai da ya fi mani sauƙi.

Ya ce, "Sau ukku ina miƙa maka buta ina jiran ka ce, Baba, kai da ka wuni da shi, mi kag gani? Ka tambayi mita. Ka tambayi akwati, har na Kano. Ni ba ka tambaye ni ba."

Ya kifa hular a kan katako, ya gyara mata zama. Sannan ya miƙo hannu wajen kaina.

"Kawo taka. Ta yi dauɗa, ba ka komawa Kaura da ita haka."

Na cire na ba shi. Na zauna a rumfar nan kai ba hula, mutane na wucewa suna kallona, yana ta goga mata sabulu da waɗannan tafukan nasa.